Tumatir Marar Hanci

Ba zan ɓata lokaci a kan yadda na bar gida ba. Duk wanda ya yi noman rani a ƙasar Kura yana tuna shekarar da tumatir ya yi kwantai, muka jera kwanduna a bakin titi tun daga Kadawa, motocin Kudu suna wucewa ba mai tsayawa, har ruwansa ya riƙa bin kwalta ƙuda na biye da shi. A shekarar na danƙa wa yayana Malam Sani gonata ta bakin kanal, na bar masa Inna da matata da 'ya'ya uku, na kama hanya ina da shekara arba'in da ɗaya. Sunana Hamisu. Karatuna bai wuce allo da aji huɗu na firamare ba. Abin da na sani a duniya ƙasa ne da ruwa da tumatir, kuma na fita ne da niyyar ba zan ƙara taɓa tumatir da sunan sana'a ba.

A Agadas na haɗu da Ɗanladi, mutumin Bunkure. Na ji yana gardama da mai shayi, daga jin harshensa na san ruwan kanal ɗaya muka sha. Na ce masa, "Kai ma tumatir ne ya koro ka?"

Ya ce, "Albasa ce. Mu a Bunkure ba ma yin asara irin ta kowa, sai mai sa hawaye."

Tun daga ranar ba mu rabu ba.

Wani mai farar shadda da kowa ke ce wa Alhaji ya karɓi kuɗin motarmu, ya ce ƙaramar mota ce, mutum goma sha biyu kacal, kwana huɗu mun isa. Ranar tafiya babu Alhaji, babu ƙaramar mota. Wata tsohuwar gingimari aka loda mu a kanta kamar buhunan gawayi, kowa ya rataye jarkarsa da aka naɗe da buhu, ƙafafu suna reto. Kwana goma sha ɗaya muka yi. A rana ta takwas jarkata ta tsage. Wani Buzu da ke zaune kusa da ni, wanda har yau ban san sunansa ba, shi ya riƙa cika mini murfin jarkarsa sau uku a yini, bai taɓa ce mini uffan ba. A Sabha, cikin Libiya, ya sauka ya shige cikin mutane. Har gobe yana cikin addu'ata.

Shekara ɗaya da rabi na yi a Libiya. Mun yi wa wani mai lambu aiki a bayan Turabulus, muka gyara masa ban ruwansa da ya lalace, don shi bai san ruwa ba a tilasta masa hanya ba, lallaɓa shi ake yi. Ranar da aka gama ɗibar amfani, maimakon ya sallame mu sai ya ɗauki waya ya kira 'yan sanda. Ta katangar baya muka fita, ni da takalmi ƙafa ɗaya. A nan na koyi darasin da ban manta ba: wanda ba shi da takarda, bakinsa ba nasa ba ne. Ko da gaskiyarsa, waya ɗaya ta ishe shi.

Teku kuwa ba na son maganarta. Kwana uku a cikin kwale-kwalen da ko a dam ɗin Tiga ba zan yarda in shiga ba. Mun fita da rai, amma ba dukanmu ba. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Bayan 'yan makonni a sansani a Italiya, wasu 'yan Gana suka ce mana akwai aiki a wajen wani gari, Foja. Da hantsi aka sauke mu daga bayan wata mota marar taga. Na buɗe ido, gabas tumatir, yamma tumatir, har inda ƙasa ta haɗu da sama. Ɗanladi ya zube a ƙasa yana dariya har da hawaye.

"Ɗan Kura," ya ce, "ashe biyo ka ya yi. Har ya riga ka samun biza."

Can ba a tsinkar tumatir ɗaya-ɗaya kamar yadda muke yi. Shukar gaba ɗaya ake tumɓukewa a kakkaɓe ta cikin wani ƙaton akwati. Don haka aka yi irin tun farko. Duka 'ya'yan tare suke nuna, jawur tun daga gindi har wuya, ba ɗigon kore. Girmansu ɗaya kamar an auna, masu kafaɗa huɗu, masu tauri, ka jefar da shi a ƙasa ya yi tsalle. Kuma da ka girgiza sai su zube su bar hancinsu a jikin reshe, wato koren nan mai kama da tauraro da ke riƙe da tumatir. Ba ya faɗowa da hanci, don masu gwangwani ba sa son hanci a cikin injinsu. Kaka biyu na yi ina wannan aiki, baya a sunkuye, hannu ya yi baƙi da ruwan ganye. Ko ido na rufe shi nake gani.

Yakan sa ni tuna na babana. Kafin ruwan Tiga ya zo, baba da jigo yake ban ruwa a fadama, tumatirinsa kuwa mummuna ne. Faffaɗa, mai tsaga-tsaga kamar kabewa, kafaɗarsa kore ko ya nuna, in ka ja shi sai dai ya zo da hancinsa ko ya fashe a hannunka. Amma guda biyu sun isa miya, kuma in Inna tana soya shi maƙwabta sun sani. Da aka haƙa kanal, malaman gona suka kawo sabon iri mai jure motar Legas, cikin 'yan shekaru na baba ya ɓace, ko a bayan gida ba ka ganinsa. Da idona na ga wannan canji. Ku riƙe shi a ranku, za mu dawo kansa.

Da sanyi ya shigo aikin gona ya tsaya, muka gangara Napoli. Ɗanladi ya kama tallan laima a bakin titi, ni kuma dako a kasuwa. Wata safiya na ga wani tsoho yana fama da wani faffaɗan abu naɗe a bargo, yana son hawa da shi wani siririn lungu mai matakala. Na karɓa na ɗora a ka. Ya biyo ni yana ta ɗaga hannu, a hankali, a hankali. Ni da na saba ɗaukar kwandon nunannen tumatir a kan gaɓar kanal, ban ga abin tsoro ba. Na sauke masa a ƙofar shagonsa ko girgiza bai yi ba. Ya dube ni, ya dubi kayan, ya ce gobe ma in zo.

Sunansa Anselmo, ni Baba nake ce masa, shi kuma Amisu yake ce mini. Ya haura saba'in, matarsa ta rasu, bai taɓa haihuwa ba. Sana'arsa gyaran tsofaffin hotuna na zanen hannu. Ya wanke musu dattin shekaru, ya liƙe inda suka yage, ya yi musu sabon katako a gefe, wani lokaci ya saya ya sayar. Aikina shara, dako, dafa gam, riƙe fitila. Ya ba ni ɗan ɗaki a bayan shago. Da ya ga ina salla a kan kwali, washegari na tarar da ƙaramar darduma a kan gadona. Na ce na gode, ya ce shi bai san zancen ba.

Tun farko na gaya masa, da ɗan Italiyancin da na tsinta a gona, cewa hotunan mutane, balle matan nan marasa tufafi, zan ɗauka amma a juye. Ya yi dariya ya ce to waɗannan fa? Ya kai ni bangon ciki inda ya rataye wasu guda uku da ba na sayarwa ba. Babu mutum, babu dabba, kayan abinci ne kawai a kan tebur. Na ce waɗannan ba su da rai, malamanmu ba su hana ba. Ya ce shi kuwa duk ransa a nan yake.

Na farko shi ne mafi tsufa, Baba ya ce ya doshi shekara ɗari uku, ba a ma san sunan mai zanen ba. Bayansa baƙi ƙirin, haske yana shigowa ta hagu. Tulun ƙasa, wuƙa, albasa uku, tafarnuwa, da tumatir guda huɗu. Da na matsa kusa sai na gane shi. Tumatirin babana ne. Tsaga-tsagar, koren kafaɗar, hancin da ya fara yaushi, komai.

Na biyu ya kai shekara ɗari. Tuffa ce da lemo a kan farin ƙyalle, fentin ya yi kauri kamar yaɓen ɗaki, teburin a karkace. Na uku sabo ne. Ja da rawaya ne kawai aka jejjera, wasu a miƙe wasu a kwance, Baba ya ce wai shi ma tumatir ne da burodi.

"To manomi," ya ce, "wanne ya fi?"

Na ce, "Mai na farkon nan ya san yunwa, kuma da ƙafarsa ya je kasuwa. Dubi albasar nan, an cire ta ba ta ƙosa ba, wuyanta bai bushe ba, ba za ta yi wata guda ba. Mai araha ya saya. Tumatirin gefe kuma an bar shi da ƙishi sannan aka cika masa ruwa, shi ya sa ya tsage. Mutumin bai ɓoye ba, yadda ya gani haka ya yi."

Baba ya sa tabarau ya leƙa wuyan albasar. Ya daɗe. "Na biyun fa?"

"Wannan a ƙoshe yake. Ba cin tuffar ne ya dame shi ba. Kuma teburinsa zai zubar da kayan."

Ya ce ba tebur mutumin yake kallo ba, hasken rana yake kallo, yadda yake sauka a kan abu ya canza masa launi. Ya kama hannuna ya ja ni baya taku biyar. Daga can kuwa sai tuffar ta tashi kamar ka miƙa hannu ka ɗauka. Na ce to, wannan na ba shi.

"Na ukun?"

"Wannan Allah ya ba shi lafiya."

"Abokina ne. Ya mutu."

"Ka yi haƙuri, Baba. Amma bai taɓa shiga gona ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Wata shida ina goge ƙurar hoton nan na uku kafin wata rana na ga jan da ke cikinsa irin na bakin titin Kadawa ne a shekarar kwantai, ja mai zafi, mai sa mutum ya kau da kai. Ban gaya wa Baba ba, don kada ya ce ya ci ni.

Haka muka zauna. In aka kawo hoton kayan lambu gyara, shi ya koya mini ta ina haske yake shigowa da yadda masu zanen da can suke fara shimfiɗa duhu kafin su ɗora launi, ni in gaya masa wace kankana ce ba ta nuna ba, da wane mai zane ne ya haɗa kayan damina da na sanyi a faranti ɗaya, abin da ba ya yiwuwa a wancan zamani sai dai in daga kansa ya zana. Na lura mutanen da can abin da za su ci suke zanawa, har da ramin tsutsa. Na tsakiya suna zana rana. Na yanzu kuwa abin da ke cikin kansu suke zanawa, kuma ba kowane kai ake son leƙawa ba.

A shekara ta biyu gwamnatinsu ta buɗe ƙofa. Duk wanda ubangidansa ya je ofis ya sa hannu cewa yana masa aiki, za a ba shi takardar zama. Baba ya ce zai yi, aka ba mu ranar Litinin. Da takardar nan zan iya zuwa gida ta jirgin sama kamar mutum. Shekara biyar ke nan ban ga Inna ba, kuma Malam Sani ya gaya mini a waya idonta ya fara rufewa.

Ana saura kwana huɗu sai ga Dokta. Haka kowa yake kiransa, ban san likitan me ba ne. Dogo, mai ƙamshi, takalminsa kana ganin fuskarka. Ya zo da hoto naɗe a bargo, ya ce a wani tsohon gidan masu sarauta aka samo shi, kuma ɗan'uwan na farkon nan ne na bangon Baba, hannu ɗaya ya zana su. Ya ajiye wata takarda mai hatimi wadda ya ce wani babban masani ne ya rubuta. Da aka yaye bargon, ga baƙin baya, ga haske ta hagu, ga tulun ƙasa, ga albasa, ga kwando cike da tumatir.

Baba ya juya hoton, ya fi awa guda yana duba bayansa. Ƙyallen tsoho ne, ƙusoshin ƙirar maƙeri ne, katakon duk gara ta huda shi. Har sunsunawa ya yi. Bayan Dokta ya tafi ya ce mini shekara talatin yana jin a jikinsa hoton nan yana da ɗan'uwa. Ya ce ba shi da abin da zai saye shi sai ginin shagon da gidansa na sama, kuma zai bayar, shi ya koma haya. Ranar Asabar da safe za a sa hannu.

Ni na riƙe musu fitila duk tsawon lokacin. Su suna kallon baya, ni ina kallon gaba. A kasuwar tumatir in ka ga saman kwando ya yi kyau fiye da kima sai ka tura hannu ƙasa, don can ake ɓoye ruɓaɓɓe. Wannan maƙaryacin ya san masana ƙasan kwando suke dubawa, sai ya gyara ƙasan ya manta da saman. Tumatirin cikin kwandon nan na san shi kamar yadda na san ciwon bayana. Girma ɗaya, kafaɗa huɗu, ja har wuya, ko ɗaya babu hanci. Na Foja ne.

Bayan sallar Juma'a na sami Ɗanladi a inda yake jera laimominsa, na gaya masa.

Ya ce, "Ka ja bakinka ka yi shiru. Litinin nawa ce tsakaninka da Inna? Ɗaya."

"Asabar zai ba da gidansa."

"Gidanka ne? Ka manta mai lambun Turabulus? Mutumin nan mai ƙamshi waya ɗaya zai buga, sai dai in ji labarinka a gidan yari."

"Shekara biyu ina cin abincin tsohon nan, Ɗanladi."

"To ka ci na shekara ta uku mana. Kai da aji huɗu za ka ƙaryata mai hatimi? Ko a Kura ban zaci wautar ta kai haka ba."

Ban ga laifinsa ba, gaskiya ya faɗa. Da la'asar na jira Baba ya gama shan kofinsa, na ce masa tumatirin hoton nan bai kwanta mini ba. Bai bari na ƙarasa ba. Karo na farko ke nan da ya ɗaga mini murya. Ya ce ni manomi ne, in tsaya a gonata, shi shekara hamsin yana wannan sana'a. Ya ce wasan da muke yi da albasa wasa ne, wannan kuwa ba wasa ba ne. Ya hau sama ya rufe ƙofa. Sai na gane abin ya zama biyu. In na sake magana, ko Dokta bai kira 'yan sanda ba, Baba na iya fasa zuwa ofis. In na yi shiru, Litinin in sami takarda, tsoho ya kwana a haya da hoton ƙarya.

Ranar Asabar bayan asuba na shiga kasuwa. A can har yanzu akwai tsofaffin ƙauye masu kawo tumatir irin na da, mai tsaga-tsaga. Na sayi guda biyu a wurin wata tsohuwa, na sayi biyu na gwangwani a wurin mai akwatuna. Da na dawo Dokta ya riga ya iso, an jingina sabon hoton kusa da tsohon, takardu a kan tebur, Baba yana neman alƙalami. Na wuce tsakaninsu. Na ajiye masu tsaga a ƙarƙashin tsohon hoto, na ajiye na gwangwani a ƙarƙashin na Dokta.

Na ce, "Baba, ka kore ni in ka ga dama, amma ka duba tukuna. Wannan irin bai girme ni ba. Ina da wayona aka kawo kakansa garinmu, shi kuma jikan kaka biyu na yi ina kakkaɓe shi a Foja. Don inji aka yi shi, shi ya sa yake barin hancinsa a reshe. Mutumin da ya mutu shekara ɗari uku bai taɓa ganinsa ba. Wanda ya zana wannan, a kanti ya sayo tumatirinsa."

Dokta bai ko dube ni ba. Ya ce, "Anselmo, mai shararka ne yake mana lacca? Wannan yana ma da takarda kuwa?" Ya zaro waya daga aljihu.

Idona ya kai ƙofar baya, na san lungun, cikin minti ɗaya na ɓace. Amma na gaji da tsallake katanga. Na tsaya inda nake.

Baba ya daina neman alƙalami. Ya ɗauki gilashinsa mai ƙara girman abu, ya duƙa a gaban hoton Dokta, ya bi tumatirin ɗaya bayan ɗaya. Guda tara ne, kowanne da ɗan rami fes a ka, ba hanci. Ya ɗauki na gwangwanin da na kawo ya juya shi a hannu, ya kara shi a jikin hoton. Ya koma ga tsohon hotonsa, huɗu, kowanne da hancinsa. Ya ɗauki mai tsagar ya sunsuna. Sannan ya miƙe a hankali, yana dafe da ƙugu.

Ya ce, "Dokta, ka bar mini shi mako guda. Zan kankari ɗan fenti kamar ƙwayar gero in kai a auna shekarunsa."

Dokta ya ce wannan cin mutunci ne, akwai masu saye suna jira a layi, kuma yanzu zai kira hukuma a kan baƙon haure.

"Kira su," in ji Baba. "In sun zo sai su tafi da hoton su auna mana kyauta. Wannan kuma ma'aikacina ne, jibi zan sa masa hannu."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wayar ta koma aljihu. Mutumin da bai taɓa ɗaukar kaya da hannunsa ba, shi ya naɗe hoton a bargo da kansa, ya rungume shi ya gangara matakala, har ya manta takardarsa mai hatimi a kan tebur. Bai dawo ɗauka ba, ba mu ƙara jin ƙamshinsa a unguwar ba.

Baba ya zauna a kujera. Na ga idonsa ya kawo ruwa, na san ba don murna kaɗai ba ne, shekara talatin ce ta tafi a cikin bargon nan. Can ya ɗauko wuƙa ya yanka mai tsagar gida biyu, ya barbaɗa gishiri, ya ɗora a kan burodi, ya miƙo mini rabi.

Ya ce, "Shekara hamsin ina kallon tumatir a hoto, ban taɓa kallonsa a faranti ba. Jiya na yi maka ihu, Amisu."

Na ce, "Ban ji ba, Baba. Ina shara."

Ɗayan tumatirin ban bari an ci ba. Na matse 'ya'yansa a kan takarda, na shanya a bakin taga, na ƙulle a leda.

Ranar Litinin Baba ya sa rigarsa ta zuwa coci muka tafi ofis. Ma'aikacin ya tambaye shi wane aiki nake yi. Baba ya ce ni masani ne a kan kayan lambun tsofaffin hotuna. Mutumin ya dube ni, ya dubi hannuwana, ya rubuta mai shara. Ban damu ba, hatimin dai ya buga. Daga baya labari ya zaga, wasu 'yan sana'ar suka riƙa kawo hotuna su ce a kira musu manomin Anselmo ya duba. Inda na sani na faɗa, inda ban sani ba na ce ban sani ba. Ɗanladi kuwa har yau duk wanda ya tambaye shi, cewa yake shi ya ba ni shawarar in yi magana.

Sai da takardar ta yi watanni kafin ta fito. Hanyar da na yi shekara biyu ina ratsawa da ƙishi da tsoro, jirgi ya maido ni ta samanta a yini ɗaya. Na sauka Kano, na shiga motar Kura, da muka fara wuce koren shinkafa da farin ruwan kanal sai na ce da direba ya rage gudu. Inna tana raye. Ba ta gani sosai, da hannu ta shafa fuskata, ta ce na tsufa. Na ce ita ma.

Na sayi injin ban ruwa, na karɓi gonata, na dasa irin da kowa ke dasawa don shi kasuwa ke so. Amma a kusurwar gabas na ware fangali ɗaya na zuba irin da ke cikin ledar nan. Da ya fara 'ya'ya Malam Sani ya zo ya tsaya a kansa, ya riƙe haɓa.

Ya ce, "Yanzu duk wahalar da ka sha, abin da ka samo mana a Turai ke nan? Wannan ko Zariya ba zai kai ba zai zama miya."

Na ce, "Ba Zariya za shi ba, Yaya. Gida za shi."

Ranar da ya nuna na tsinko biyu da hancinsu, na kai wa Inna tana zaune a tabarma a tsakar gida. Na sa mata ɗaya a tafin hannu. Ta bi tsagar da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ta taɓa hancin, ta kai shi hancinta ta sunsuna. Ta sake sunsunawa, har na zaci ba ta gane ba.

Ta ce, "Wa ya ba ka irin babanku?"

Na ce, "Daga cikin wani tsohon hoto na ciro shi, Inna."

Ta ce, "Hoton ƙaniyarka. Miƙo mini wuƙa, ka ce a hura wuta."

Ranar maƙwabta sun sani.